Kwakwa ta Bakwai Daga Bakin Teku

Greensboro,
Lahadi, 11 ga Mayu.

Zuwa ga ƙanwata Rachida, a Madawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Alassane da yara baki ɗaya. Allah ya fitar da ku zafin bazara lafiya, ya saukar da damina mai albarka, ya ƙara rufa mana asiri duniya da lahira. Mu nan sai godiya. Uwargida Ousseina tana nan tana fama da aikinta na gidan kula da tsofaffi, ƙafafu ne kawai ke kumbura mata in ta wuni a tsaye. Salwa ta gama jarrabawa makon jiya, saura shekara ɗaya ta fita jami'a in Allah ya yarda. Abdurrahim ya wuce ni tsawo, kuma har yanzu in na yi masa magana da Hausa sai ya mayar mini da Turanci. Ni kuwa jiki ga shi nan dai. Wankin ƙoda yana nan sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu ina zaune an ɗaure ni da inji kamar ragon layya. Ba na ƙorafi, na ga waɗanda suka fi ni.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke danna waya. Saƙonninki na murya duk sun iso, guda tara cikin mako uku, kuma babu wanda ban saurara ba. Na ji inda kika ce Yaya ya zama Bature, ana tambayarsa magana yana amsawa da yaya yara. Kin yi gaskiya, kauce miki nake yi. Ba layi ne ya lalace ba, ba kuma jiki ne ya hana ni ba, ko da yake na bar ki kina zaton haka. Sau biyu na danna zan yi miki magana, na fasa, na goge. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alhaji Hassane, maƙwabcinmu a nan Glenwood, zai tashi zuwa Yamai ranar Alhamis, ya ce zai sa miki saƙon a motar Madawa da hannunsa. Shi ya sa na zauna tun bayan azahar da alƙalami da takardun makarantar Salwa. Ke malamar lakwal ce, mai koyar da yara boko, ki yi haƙuri da rubutun direba.

Abin da na fahimta daga saƙonki shi ne, limamin Zangon Kwakwa ya aika wa duk mai mamaci a tsohuwar maƙabarta cewa teku ya rushe katanga ya shigo. Malamai sun zauna sun ce ya halatta a ɗauke waɗanda aka san makwancinsu a mayar da su sabon fili can tudu, kuma an sa ranar Juma'ar da ke bin Babbar Sallah, kafin lokacin manyan igiyoyin ruwa. Wanda ba a nuna nasa ba za a bar shi inda yake. Ke kuma kin ɗaura niyyar tafiya da Malam, kina so in ba ki ƙirgen da Baba ya bar mini don a nuna musu kabarin Inna. Kin ce shekara arba'in da shida ba ki san fuskarta ba, ki samu ko da wurin da za ki tsaya ki ce nan take kwance. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Zan ba ki amsa, amma ki bari in fara kai ki garin tukuna, tunda kwana ashirin kawai kika yi a cikinsa, su ma ido a rufe.

Inna 'yar can ce, kin sani, a zangon aka haife ta, tsakanin Lome da Aneho. Baba ya gan ta lokacin da yake kai albasa bakin ruwa, ya auro ta zuwa Madawa. Sharaɗin da Kaka ta kafa masa shi ne kowace shekara a kawo mata 'yarta ganin gida. To da zarar an ba mu hutun vakans, sai a ɗora mu ni da Inna a gaban kamiyon albasa, Baba yana sama a kan buhuna. Kwana huɗu muke yi, ta Gaya, ta Paraku, ta Kwatano, warin albasa ya kama mu har cikin gashi. A Madawa Inna ba mai yawan magana ba ce, amma da mun wuce Kwatano sai ta canza. Takan leƙa ta taga, ta ja iska, ta ce in ji, warin gida ke nan. Ni dai warin kifi da gishiri nake ji. Daga nan bakinta ba ya rufuwa, tana gaya mini sunan kowane ƙauye, har direba ya ce ashe uwargida tana da baki. Kuma kafin ka ga teku kana jin sa, wani gurnani daga bayan gidaje wanda ba ya hutawa. Shekarar da na fara wayo na tambaye ta wane ne mai injin niƙan da ba ya kashewa.

Gidan Kaka ɗaki uku ne, kwanon rufin duk ya yi tsatsa saboda iskar gishiri, ruwan rijiyar kuma zartsi, ko sabulu ba ya kumfa. Kawu Husaini, yayan Inna, yana da tukubar tsire a bakin tasha. Shi ya fara ɗora ni a wuya ya shiga da ni ruwa har ƙugunsa, ina ihu ina riƙe da kunnuwansa. Bayan katangarmu akwai wata mai bandar kifi, ba Musulma ba ce, da 'yarta Confidence, sa'ata, wadda ta fi ni jin Hausar zango ta kuma fi ni ƙarfi, don ta kayar da ni a yashi ya fi a ƙirga. Da hantsi masunta ke jan taru daga tudu, mutum talatin ko fi a igiya ɗaya, suna waƙa da yarensu suna ja da baya, kuma duk wanda ya sa hannu ba ya komawa gida hannu rabbana. Ni da Confidence mukan kama wutsiyar igiya, inda ba a buƙatar kowa, mu yi ta nishin ƙarya, a zuba mana ƙananan kifi a hula. Kaka ta soya mana da yaji mu ci da dokunu, tuwonsu na masara. Ban sake jin wannan daɗin a bakina ba, Rachida, kuma yanzu likita ya hana ni gishirin ma gaba ɗaya.

Baba kuwa shi da teku ba sa ga maciji. Yakan sauke albasa, ya kwana uku, ya koma, sai ƙarshen hutu ya zo ɗaukar mu. In aka matsa masa ya zo bakin ruwa, can nesa yake shimfiɗa buzunsa. Inna ta ba ni labari cewa ranar da ya fara ganin teku ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan ita ce asara, ruwa har iyakar gani amma ba zai shayar da fangalin albasa ko ɗaya ba. Ita kuwa da la'asar takan ɗan ɗage zane, ta tsaya inda ruwa ke zuwa ya shafi ƙafa ya koma, ta yi ta tsokanarsa wai ɗan tudu ya zo ta koya masa. Shi kuma ya ce ɗan tudun ne dai ya aure ta. In fuskarta kike so, ga abin da nake da shi: doguwa ce, baƙa, da wushirya irin taki, in tana dariya takan rufe baki da gefen mayafi. Lallen ƙafarta ba ya kwana bakwai a can, ruwan gishiri ke cinye shi, Kaka ta yi ta faɗa tana sake ɗaura mata. Ban taɓa ganin ta tana gudu ba sai a kan wannan yashin.

Ni kuma sana'ata tsintar katantanwa. Kin san a Madawa in yaro ya samu katantanwa ɗaya ta fadama ya zama sarkin unguwa. A can kuwa ga su nan zube, farare da ja-ja da masu zane. Kowace shekara nakan cika ƙaramin buhun gishiri in kawo gida, in yi ta mulki da su har wata uku, wannan ya ba ni rake, wancan ya ɗaukar mini jaka. Confidence takan yi mini dariya, ta ce 'yan arewa ba su da hankali, suna kwasar shara suna kai wa garinsu. Ban taɓa yarda da ita ba. A idona dukiya ce, kuma na ɗauka kowa haka yake ganin ta. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shekarar da aka haife ki ina da goma sha biyu. Tsakanina da ke an yi uku ba wanda ya zauna, shi ya sa Inna ta ce wannan karon a gaban Kaka za ta haihu. Hutun ya faɗo cikin azumi, kuma shi ne azumina na farko cikakke, da ruwan kwakwa nake buɗe baki, Kawu yana fasa mini da adda. Kika zo ranar ashirin da uku ga wata, da safe, lafiya lau, Kaka ta yi guɗa har masu banda suka leƙo. Aka yi suna ranar jajibiri, Baba ya iso da rago a kan albasa. Washegari aka yi Idi a kan yashi, liman yana ɗaga murya teku yana danne ta. An ɗinka mini shadda shuɗiya. Na dawo ina taƙama in nuna wa Inna yadda ban ɓata ta ba, na tarar an hana shiga ɗakin, zazzaɓi ya rufe ta. Aka kai ta asibiti a bayan a-kori-kura, aka dawo da ita. Ranar uku ga Sallah, da hantsi, ta cika. Ba ta bar wasiyya ba, ba ta cikin hayyacinta. Abu na ƙarshe da ta ce mini da hankalinta, tun ranar suna, shi ne in daina shigo mata da yashi ɗaki.

Maƙabartar tana gefen gari, kuma jerin kwakwa ya ratsa ta tsakiya, daga wajen ruwa ya miƙe har hanyar tasha. A lokacin tsakanin kwakwar farko da ruwa akwai filin da muke buga ƙwallo. Baba ya ce in bi masu ɗaukar gawa, na girma. Da aka gama aka watse, ya riƙe hannuna ya kai ni har bakin ruwa, wurin da bai taɓa yarda ya taka ba, ya juya ni na ba teku baya, ya ce in ƙirga kwakwa. Muka taka tare, ɗaya, biyu, har bakwai. A gindin ta bakwai ya ce in juya dama in yi taku huɗu irin na babba, nan Inna take. Kawu Husaini ya ce me zai hana a ƙirgo daga wajen hanya. Baba ya ce a'a, hanya gwamnati ke yin ta, gobe ta karkatar da ita, amma teku na Allah ne, ba mai matsar da shi. Haka muke yi a gida ai, iyakar gona daga dutse ake auno ta, ba daga bukka ba. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Baba, ya fasa. Ni kuma da la'asar na koma ni kaɗai da buhun katantanwata na shekarar, na juye shi duka a wajen kanta, na jera su da kyau, don in na dawo in gane wurin ko da na manta ƙirgen.

Ba mu sake komawa ba. Baba ya juya harkarsa Kumasi, Gwaggo ta raine ki, Kaka ta rasu bayan shekara biyu, labari kawai muka ji. Amma ƙirgen bai bar shi ya kwanta ba. Kowace Sallah, bayan an sauko Idi, sai ya kira ni ya ce in biya, in ce bakwai daga teku, dama, taku huɗu, ya ce madalla. Har a ciwon ajalinsa sai da ya sa na biya, ke kina waje kina dama masa kunu. Na zo ƙasar nan da abin a kaina, na yi shekara ashirin da biyu ina tuƙin tasi, ina cika baki cewa ni ba na buƙatar na'urar nuna hanya, daga Sedgefield har East Greensboro babu lungun da zai ɓace mini. Mutumin da ya riƙe kabarin uwarsa a ka, wane titi ne zai gagare shi? Haka nake faɗa wa Ousseina, ita kuma ta ce Allah ya sa alheri.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin tuna shekarar da na zo da mota, na yi ta hon tun daga bakin gari har ƙofar gida? Ta tashar jiragen ruwan Lome na fito da ita. Kwana shida na yi a Lome ina bin takardu, kuma daga nan zuwa zango bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Ban je ba. Kawu ne ya ji labari ya zo ya same ni, tsoho da sanda, ya kawo mini kifi banda a ƙunshe cikin takardar siminti. Ya ce mini teku yana tafiya, filin ƙwallonmu babu shi, kwakwa sun fara faɗuwa. Ya ce shi ba ya ƙirga, da ido ya san wurin, in zo mu je a ranar ya nuna mini mu kafa bulo mu rubuta suna, don shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka sa ta a rami. Na ce kada ya damu, abin yana kaina. Ayarin motocin Nijar zai tashi washegari, in na rasa shi sai wani mako, ni kuma ina so in shiga Madawa kafin Sallah a ga ɗan Amirka. Na ce masa baɗi. Ya dube ni irin duban da ya yi wa Baba, ya ce Allah ya kai mu. Bayan shekara uku ya rasu, kuma 'ya'yansa duk mata ne, ba wadda ta taɓa shiga maƙabarta. Motar kuwa kin fi ni sanin inda take, tana bayan gidanki kaji suna ƙwai a ciki.

Da saƙonki na farko ya zo ban zauna ba. Na nemi lambar liman, shi ya haɗa ni da Confidence, tana nan da ranta, ta yi jikoki, ta gaji bandar uwarta. Da ta ji sunana ta ce ɗan arewa mai kwasar shara, muka yi dariya har na yi tari. Ranar Larabar da ta biyo, ina kan kujerar wankin ƙoda da safe, ta kira ni ta bidiyo ta zaga da ni. Rachida, ban gane komai ba. Gidan Kaka babu, tsohon masallaci rabin bango ne a tsaye ruwa yana dukan sa, rijiyarmu ta zartsi tana cikin teku, bakinta na siminti ya fito sama kamar turmi. Hanyar tasha kuwa tana nan inda take, ba wanda ya karkatar da ita. Na ce wa Confidence ta ba teku baya ta ƙirga mini kwakwa. Ta ƙirga. Huɗu ne. Ta farkon ma saiwarta a waje take, ta karkata. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba injina ta leƙo ta ga ruwa da kwakwa, ta ce wuri mai kyau, ko can zan tafi hutu. Na ce mata e.

Confidence ba ta gaji ba, ta bi tsofaffin zango ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kwakwa nawa ne a jerin tun asali. Wani ya ce tara. Wani ya rantse sha ɗaya ne. Wata tsohuwa ta ce sha biyar, wai mijinta ne ke hawan su. Ke malama ce, ki duba da kanki. In tara ne, biyar suka tafi, Inna tana gindin ta biyu cikin huɗun nan, kuma da sauran lokaci. In sha ɗaya ne, tata ce ta faɗi ta ƙarshe, bara ko bana. In sha biyar ne, to tun ina yawo da tasi ina cika baki ruwa ya ɗauke ta. Liman abu ɗaya ya tambaye ni, ya ce bayan ta bakwai saura nawa a kai hanya, don in na sani sai a ƙirgo ta baya. Ban sani ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙarƙashin itatuwan nan, na sha ruwansu, na faɗo daga ɗaya, ban taɓa ƙirga su ba. Ranar da Baba ya sa na ƙirga kuwa, a bakwai muka tsaya. Da mun ƙara taku kaɗan, da yau ba wannan takardar nake rubuta miki ba.

Sai na tuna da katantanwata, murna ta kama ni. Na sake kiran Confidence na ce ta duba gindin kowace, dama taku huɗu, ta nemi wurin da aka tara katantanwa da yawa, ko ƙasa ta rufe su za a ga alama. Ba ta yi mini dariyar da ta saba ba, da ma ta yi. Sai kawai ta sunkuyar da wayar ƙasa ta yi tafiya a hankali don in gani da idona. Tun da katanga ta faɗi ruwa ke shiga yana fita, maƙabartar gaba ɗaya katantanwa ce, daga wannan gefe zuwa wancan, har ina jin ƙararta a ƙarƙashin takalmin Confidence. Na yi wa uwata alama da abin da ya fi komai yawa a garin. An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma ni da Baba duk mun tafi kowa yana ganin ya yi dabara. Nan na yi kuka, Rachida, a gaban jama'a, injin yana ta ƙara wai jinina ya hau.

Salwa ta yi iya ƙoƙarinta. Ta wuni a kan kwamfuta tana neman tsofaffin hotunan gaɓar da aka ɗauka daga sama, amma wanda ta samu duk kwakwar ta haɗe ta zama baƙin tabo ɗaya. Jiya Asabar ta ce in shiga mota, ta tuƙa ni fiye da awa uku har bakin tekun jiharmu. Ta ce mini da Turancinta wai ruwan ɗaya ne, wannan gefen da wancan, in dai ruwa ya ɗauki kakarta to ba ta yi nisa da ni ba. Na daka mata tsawa, na ce kakarta ba kifi ba ce. Hawaye ya cika wa yarinya ido, ni kuma kunya ta rufe ni, don alheri ta nufa. Muka zauna a kan benci muna kallon mutane kusan tsirara suna wasa da ruwa. Warin dai shi ne, wanda Inna ke cewa na gida. Ban iya taka yashin ba, muka juyo.

Kin ce a saƙonki na takwas ko in zo da kaina, wai in ƙafata ta taka wurin za ta tuna. Na tambayi likita. Ya ce kwana kaɗan ba inji jikina zai cika da ruwa, kuma sunana yana jerin masu jiran ƙoda, in aka kira ba na nan an wuce ni. Ko da na zo ma, me ƙafar za ta tuna? Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar zuwana ta wuce tun ina Lome. Kin kuma ce, a na tara, in dai faɗi wani abu ko zato ne, Allah ya san niyya. Wannan ne ba zan yi ba, ko da za ki yi fushi da ni har ƙarshen raina. In na ce ta biyu ce, za su tona, kuma za su sami mutum, don ko'ina a wurin mutum ne. Za a ɗauki uwar wani ko uban wani a kai sabon fili a rubuta Nana Aisha a kansa, ki riƙa zuwa kina kuka a kan baƙo, ni kuma ina nan na san abin da na yi. Na yi sakaci da ita tana kwance, ba zan ƙara da yi mata ƙarya ba.

Ga ƙirgen, tunda gadonki ne kamar yadda yake nawa: bakwai daga teku, dama, taku huɗu. Ba ya kai kowa ko'ina yanzu. In kin ga za ki iya wahalar hanya, ki je, ba zan hana ki ba. Confidence ta ce ɗakinta naki ne, kuma ta san Inna, za ta ba ki labarin da ni ban sani ba. Malam ya tsaya a gindin huɗun nan ya yi addu'a, ya juya wajen ruwa ya sake yi, amma kada a sa shebur a ƙasa da sunanmu. Liman ya ce mini ƙasa da ruwa duk na Allah ne, ranar tashi ba wanda zai ɓace masa. Na sani, na yi imani, ina kuma faɗa wa kaina safe da yamma. Amma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu nauyin bai sauka ba. Abu ɗaya aka ba ni in riƙe miki tun kina cikin zanen goyo, kuma na sake shi. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba.

Ki gaida Malam Alassane da kyau, ki ce ina neman addu'arsa. Ki gaida Gwaggo, in ranar tana gane mutane, amma kada ki karanta mata wannan. Ki shafa mini kan Hanifa da Muhammad Awwal da autarki mai sunan Inna. Ousseina tana gaishe ki ƙwarai, Salwa da Abdurrahim suna gaida Anti. Allah ya jiƙan Inna da Baba da Kaka da Kawu, ya sa mu cika da imani.

A cikin ambulan za ki ga ƙaramar kwalbar magani an naɗe ta da tsumma. Ba magani ba ne. Ranar da na juye buhun nan a kan Inna, ashe ɗaya tana aljihun shaddata ta Sallah, sai a Madawa na gan ta. Ta bi ni duk inda na je, ban taɓa nuna wa kowa ba, har Ousseina. Fara ce mai jan zane, bakinta ya ɗan gutsure. Ki riƙe ta, da ke ta fi dacewa. Sauran 'yan'uwanta suna tare da Inna, ko ina take.

Ni ne yayanki mai neman afuwarki,
Salifou